Sarkin Hunturu da Kurman Kare

A kakar shekarar da Sarki Nahpitsi ya rasu, bayan ya riƙe garin Tudun Hankaka hunturu ashirin da bakwai, mutanenmu, ƙabilar Hidatsa, suka shiga wani hali da tsofaffi ba su gaji da ba da labarinsa ba har yau. An girbe masara, an busar da kabewa, an zuba wake a rumbunan cikin ƙasa an rufe bakinsu. Dinyoyi sun fara bin kogin Awati suna wucewa kudu. Aikin shekara duk ya kammala, sai abu ɗaya: garin ba shi da sarki.

Mutum biyu ne ido ke kansu. Na farko Tsesha, Sarkin Yaƙi, dogo mai kaifin harshe, wanda gashin gaggafar da ke kansa ya isa a yi wa jarumi uku ado. Na biyu Kirapi, ɗan ƙanwar marigayi, kakkauran mutum mai sanyin hali, wanda in ka tambaye shi abu da safe sai ka ci abincin rana kafin ya ba ka amsa. Ya fita yaƙi sau uku da ƙuruciya, bai taɓa dawowa da ko ragamar dokin abokan gaba ba. Amma in rigima ta tashi tsakanin dangi da dangi, wurinsa ake zuwa, in kuma rufin wata gwauruwa ya rufta, shi ake fara hangowa a sama da laka har gwiwa.

Dattawa suka zauna kwana huɗu, suka sha taba har idanunsu suka kaɗa, ba su tsayar da magana ba. A rana ta biyar Tsesha ya miƙe ya ce, "Iyayena, me ya sa muke wahalar da kanmu? Ga hunturu tafe. A ba ɗan'uwana Kirapi lofen hunturu. In ya fitar da mu lafiya har ƙanƙarar kogi ta narke, ni da hannuna zan zaunar da shi a shimfiɗar sarauta."

Waɗanda ba su san Tsesha ba suka ce ya yi dattako. Waɗanda suka san shi suka sunkuyar da kai. Sarautar hunturu ba abin so ba ce a wurinmu. Wanda ya karɓi lofen shi ke faɗin ranar da za a bar gari a sauka kurmin fadama, shi ke nuna inda za a zauna, amma duk jaririn da tari ya ɗauke, duk dokin da ya faɗi, duk tukunyar da ta wuni ba nama, a wuyansa ake ratayawa. An sha ganin manyan mutane sun shiga hunturu da girmansu sun fito ba mai gaishe su. Kirapi ya san wannan sarai. Ya daɗe yana duban lofen, sannan ya miƙa hannu biyu ya karɓa.

To, bari in gaya muku yadda gidansa yake, don a nan labarin ya kwana. Kamar kowane magidanci a cikinmu, a ɗakin uwar matarsa yake zaune. Sunan tsohuwar Kohati, 'yar ƙaramar mace busasshiya mai haƙori huɗu, shugabar tsofaffin matan da ke rawar Farar Ɓauna, kuma ba a taɓa yin mai karanta sama kamarta ba a bakin Awati. Al'ada ta hana suruki ya yi wa surukarsa magana, ko ya kalli idonta, ko ya ambaci sunanta, sai fa in ya ƙwato wani abu daga hannun abokin gaba ya kawo ya ajiye a gabanta. Kirapi bai taɓa ƙwato komai ba. Shekara ashirin da biyu ke nan suna jin ɗumin wuta ɗaya, suna ci daga tukunya ɗaya, kalma ba ta taɓa shiga tsakaninsu ba.

Da fari matarsa Apitsa ce ke kai saƙo ta dawo da amsa. Da ta gaji, ta ce ita ba don jakadanci aka haife ta ba, ga masara na jiran daka. Sai suka koma kan kare. A shekarar da nake ba ku labari, kare na uku ne ke riƙe da muƙamin, wani baƙi mai suna Shipi, wanda ya tsufa har ya daina jan kaya, ya kuma kurumce, ko aradu ta faɗi ba ya motsa kunne. Wannan bai dami kowa ba. Duk garin an san babu suruki da suruka masu son juna kamar waɗannan biyun, kuma babu masu yawan hira kamarsu.

Kwana tara da karɓar lofe, 'yan leƙen asiri suka shigo gari a sukwane. Masu Tanti, mahayan nan na yamma waɗanda ba sa shuka sai dai su zo su ɗiba, suna tafe su wajen ɗari uku, tsakaninsu da Tudun Hankaka tafiyar kwana uku. Gari ya rikice. Abin mamaki kuma, ranar ɗumi ake yi kamar bazara ta dawo, iska mai laushi na busowa daga kudu, samari sun tuɓe riguna.

Da maraice Kirapi ya zauna gaban akushi bai taɓa ba. Kohati na can gefen murhu tana tsintar irin masara.

Ta ce, "Shipi, tambayar mini Sarkin Hunturu, abincin ne bai yi ba, ko sarauta ce ta toshe masa maƙogwaro?"

Kirapi ya shafa kan karen ya ce, "Ka ce wa Inna abinci ya yi daɗi. Masu Tanti ne tafe. Tsesha ya ce a zauna cikin ganuwa a jira su, ni kuwa ban ga laifin maganarsa ba."

"Ka ce masa Masu Tanti ba su ne baƙin da zai ji wa tsoro ba. Akwai babbar baƙuwa a bayansu."

Ta ajiye faifan, ta ci gaba da magana tana duban karen, shi kuwa yana ta barcinsa. "Yau da sassafe rana ta fito da 'yan rakiya biyu masu haske kamarta, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Dinyoyi ba sa sauka shan ruwa, can sama suke wucewa kamar ana korarsu. Ɓeraye sun bar gona sun cika mini ɗaki. Wannan ɗumin da wawaye ke wa murna, sallama ce iskar arewa ta aiko. Sau biyu irinta ta zo a zamanina. Ta farko ina goye, labari aka ba ni. Ta biyu ni na binne 'ya'ya biyu." Ta shafa gwiwarta. "Gata da la'asar za ta iso. Tudun nan ba itace, ba mafaka, ɗakunan rani kuma manya ne, wuta ba ta cika su. In Masu Tanti suka kewaye mu a nan, iska ta same mu a rufe, ba sai sun ɓata kibiya ko ɗaya ba."

Kirapi ya auna maganar. Barin ganuwa alhali mayaƙa ɗari uku na tafe, a kwashi mata da yara a kai su kurmi inda ko shinge babu, abu ne da in ya ɓaci ba sarauta kaɗai zai rasa ba. Ya ce a hankali, "Shipi, tambayi Inna, ta tabbata?"

"Ka ce masa gwiwata ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Maza ne ke yi."

Apitsa ta tuntsire da dariya daga bakin turmi. Kirapi ya jawo akushi ya cinye abincinsa tas.

Da gari ya waye aka taru a dandali. Kirapi ya tsaya da lofen a hannu ya ce yau za a sauka kurmi, a toshe rumbuna a share sawunsu, kada a bar ko kaza, don iska na tafe.

Tsesha ya ɗaga kai ya dubi sama, shuɗiya tar, ko ɗigon girgije babu. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wace iska? Wa ya gaya maka?"

"Surukata."

"A'a! Yaushe kuka fara magana? Ban ji an ce ka kawo mata ganima ba."

Kirapi ya ce, "Kare ta gaya wa."

Dandali ya ɗauki dariya, har da wasu dattawan da ya kamata su fi ƙarfin haka. Tsesha ya bari dariyar ta lafa, sannan ya ce, "Jama'a, kun ji. Tsohuwa ta gaya wa kurman kare, kare ya gaya wa wanda bai taɓa ganin bayan abokin gaba ba, shi kuma ya ce mu bar ganuwar kakanninmu mu shiga daji kamar zomaye. In Masu Tanti suka bi sawunmu fa? Ni Tsesha ba inda za ni. Duk namijin da uwarsa ta haifa da zuciya ya tsaya nan."

Samari arba'in suka koma bayansa, da dawakai mafiya kyau. Shugaban Baƙaƙen Baki, dogaranmu masu shafa gawayi a haɓa, ya matso ya raɗa wa Kirapi cewa doka ta ba shi ikon a rushe ɗakin duk wanda ya bijire wa Sarkin Hunturu. Kirapi ya girgiza kai. Ya sa aka tara sauran itacen da ke gari duka a ɗaki ɗaya mafi ƙanƙanta, aka bar musu barguna na fatar ɓauna. Ya ce wa Tsesha, "Ɗan'uwa, in kun ga arewa ta yi baƙi, ku shigar da dawakai, ku taru a ɗakin nan. Kada kowa ya tsaya a kan ganuwa."

Tsesha ya ce, "Ka gai da kare."

Kafin rana ta take tsaka ayari ya kama hanya, karnuka na jan kaya, tsofaffi a kan dawakai, mata da tukwane, rabin jama'a na gunaguni. Tafiyar rabin yini ce zuwa kurmin da ke gangaren kogi, inda mata suka riga suka tayar da ƙananan ɗakunan hunturu amma ba a gama rufe su ba.

Kwana biyu aka yi ana aiki kamar ba gobe. Aka rufe ɗakuna da ciyawa da ƙasa, aka ƙara tudun ƙasa a bangon arewa har ya kai ƙirjin mutum. Aka sari itace aka jibge ciki, ba waje ba. Aka yanko ɗanyun rassa don dawakai su ci ɓawonsu, aka yi musu turke cikin ɗakuna kusa da ƙofa. Aka kife kwalekwalen fata a kan kafar hayaƙin kowane ɗaki, aka tokare gefe ɗaya don hayaƙi ya fita, aka ɗaure shi tam da igiya da duwatsu. Aka miƙa igiyoyin fata daga ƙofa zuwa ƙofa, daidai ƙugu, don wanda ya fita cikin farin duhu ya sami abin riƙewa. Yara aka sa su cusa busasshiyar ciyawa a takalma. Duk wannan ana yi gumi na zuba, ƙudaje na damun mutane. Wani ya ce shi tun da yake bai taɓa shirya wa sanyi yana fifita ba.

Kohati na bin ɗaki-ɗaki da sanda, Shipi na biye da ita yana ɗingishi, Kirapi na biye da Shipi.

"Ka ce masa ƙullin nan na 'yan wasa ne, iska za ta kwance shi da yatsa ɗaya."

"Ka ce wa Inna ni na ƙulla shi."

"Ai na gani, shi ya sa na faɗa."

Ya kwance ya sake ƙullawa, yana murmushi. Mutane na masa kallon wanda ya zautu, amma shi muryar tsohuwar nan ce kaɗai ke riƙe masa zuciya.

A safiyar rana ta uku tsofaffin mata suka fito rawar Farar Ɓauna, Kohati a gaba da farar fata a kafaɗa, suna taka ƙasa a hankali suna kiran garke. Da suka gama, mai shela ya zaga da umarnin Sarkin Hunturu: daga tsakar rana ba sara, ba kiɗa, ba ihun yara, a ɗaure bakin kowane kare. Haka muke yi, don in iska ta tsananta ɓauna kan baro fili su shigo kurmi neman mafaka, kuma ƙarar gatari ɗaya ta isa ta mayar da su. Da dogarai suka zo da igiya wurin Shipi, Kohati ta daka musu sanda, ta ce ba a ɗaure bakin jakada.

Gari ya yi tsit. Rana ta take, ta fara karkata, ɗumi na nan yadda yake. Wani mafarauci da aka aika ya dawo ya ce ya hango ƙurar Masu Tanti ta isa Tudun Hankaka, sun kewaye ganuwa. Uwayen samarin nan arba'in suka zo suka zauna nesa kaɗan da ɗakin Kirapi. Kallonsa kawai suke, kuma da sun zage shi da ya fi masa sauƙi.

Ya zauna a bakin ƙofa, karen na kwance a ƙafarsa. Bai taɓa jin tsoro irin na wannan yini ba. Ya ji motsin tsohuwar a bayansa, ya ce, "Shipi, in iskar nan ba ta zo ba, na bar 'ya'yan mutane arba'in a bakin mashi, gobe kuma mu za a biyo. Ban ce Inna ta yi kuskure ba. Na ce dai ina jin tsoro."

Tsohuwar ta dubi sama. Can ta ce, da murya mai taushin da bai saba ji ba, "Ka ce wa yaron nan ya ɗaga kansa."

Ya ɗaga. Hayaƙin ɗakuna, wanda tun shekaranjiya yake karkata arewa, ya miƙe tsaye sak. Tsuntsaye sun yi shiru. Can bayan itatuwa, daga arewa maso yamma, wani baƙin bango mai shuɗi-shuɗi ya taso daga ƙasa har sama, yana cin sararin yana matsowa. Kirapi ya miƙe. Ba a yi shela ba, don ba a buƙata. Uwayen nan suka tashi suka suri 'ya'yansu ƙanana, maza suka ja dawakai ciki, aka saki labulen fata aka danne da gungume.

Iskar ta iso da ƙara kamar garke dubu na gudu a kan rufi. Ruwan da aka manta a ƙwarya a waje ya daskare kafin mai shi ta koma ɗaukowa. Dusar ƙanƙara ba daga sama take zubowa ba, a kwance take tafiya, mutum ba ya ganin hannunsa. Kwana uku tana yi. Itatuwa na fashewa don sanyi, kwalekwalen da ke kan rufi na rawa yana neman tashi, ƙullin Kirapi na riƙe da shi. A ciki mutane da dawakai da karnuka suka haɗa numfashi. Sau biyu kowace rana Kirapi kan naɗe fuska ya kama igiya ya bi ɗaki-ɗaki, ya ga wa itace ya ƙare wa, wa ke tari. Duk sanda ya dawo, gashin idonsa fari fat, sai ya tarar da romo a gefen murhu, tsohuwar kuma ta juya baya kamar ba ita ta ajiye ba.

A safiya ta huɗu aka tashi shiru. Apitsa ta ɗaga labule ta leƙa, ta dawo da hannu a baki. Ɓauna ne tsaye tsakanin itatuwa, har bakin ɗakuna, ba sa ƙirguwa, tururin numfashinsu ya rufe kurmi. Da an sari itace ko sau ɗaya, da ba su shigo ba. Maharba suka fita a ƙafa da baka, ba hayaniya, suka samo naman da ya kai garin har narkewar kogi.

Kirapi bai tsaya farauta ba. Ya bar ta a hannun dogarai, ya ɗebi mutum sittin da karnuka da barguna da dunƙulen masara mai kitse, suka hau tudu suna nutsewa har cinya.

Abin da suka tarar ba ya daɗin faɗi. Rabin ganuwar Tudun Hankaka babu, waɗanda ke ciki sun cire ta sun ƙona. A ƙaramin ɗakin nan suka sami Tsesha da samari talatin da uku a cure wuri ɗaya. Bakwai sun tsaya gadi a kan ganuwa lokacin da iska ta faɗo, ba su gane hanyar ɗaki ba. Tsesha kansa, garin neman su, ƙafarsa ta hagu ta daskare. A kwazazzabon da ke ƙasan gari kuwa, ga Masu Tanti. Da yawa sun juya da gudu tun farkon iskar, ba wanda ya san inda suka ƙare. Waɗanda suka rage ba su kai tamanin ba, suna kwance a jikin matattun dawakansu ƙarƙashin yagaggun tantuna. Shugabansu, wani dattijo mai furfura, yana zaune da mashi a hannu, idonsa biyu amma ba ya iya tashi.

An ɗauko Tsesha a kan fata. Da ya gan su ya ce, "Me kuke jira? Ku gama da su. Kirapi, ga ganimarka a zaune, ko yaro zai iya."

Kirapi ya ɗauki dunƙulen masara ɗaya. Sannan ya taka ya durƙusa gaban dattijon, ya gutsuri dunƙulen masara ya sa masa a baki. A wurinmu, wanda ya ci abincinka ba ka zubar da jininsa, kuma kowa a wurin ya ga ya haɗiye. Dattijon ya dube shi, ya miƙo mashin alamar ya sallama, amma yatsunsa sun daskare a jikin sandar, sun ƙi buɗewa. Sai Kirapi ya buɗe bargonsa, ya cusa hannun mutumin da gindin mashin a hammatarsa, ya riƙe har sanyin ya sa shi hawaye. Da hannun ya ɗan saki, ya ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya zare mashin. Aka kwashe su duka, namu da nasu, aka gangara kurmi.

Washegari da la'asar Kirapi ya shiga ɗakinsu. An riga an shigo da Tsesha an kwantar gefen murhu, Kohati na jiƙa masa ƙafa tana masa faɗa kamar ɗan da ta haifa. Kirapi ya tsaya da mashin, bai san yadda ake yi ba, don bai taɓa yi ba. Ya sunkuya ya ajiye shi a gabanta.

Tsohuwar ta dubi mashin, ta shafa gashin da ke wuyansa, ta ce, "Shipi, tambaye shi. A ƙasa ya tsinta, ko daga hannun mai shi ya karɓa?"

Kafin Kirapi ya buɗe baki, Tsesha ya ce daga kwance, "Inna, a gabana aka yi. Daga hannun shugabansu ya ɓamɓare shi, yatsa bayan yatsa, mutumin na da rai yana kallonsa. Na yi yaƙi goma sha ɗaya, ban taɓa ganin an karɓi mashi haka ba." Ya juya fuska bango, ya ƙara da cewa, "Kuma kare ya yi gaskiya."

Kohati ta dafa sanda ta miƙe. Ta zo gaban surukinta, ta ɗaga kai, ta dube shi ido cikin ido, karo na farko cikin shekara ashirin da biyu. Ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Ashe haka fuskarka take. Ba laifi. Zo kusa da wuta, ɗana, kunnenka ya yi fari."

Wannan ƙaton mutum, wanda ya tsaya gaban dariyar gari bai girgiza ba, sai ga shi ya rasa inda zai sa idonsa. Ya waiga yana neman karen. Ya ce, "Shipi, ka ce wa..."

"Kai, ƙyale kare ya huta. Ga ni."

Ya buɗe baki sau biyu. A na uku ya ce, "Inna." Ta kama kunnen da tafin hannunta ta riƙe har ya yi ɗumi, Apitsa kuwa na bakin turmi tana kuka tana dariya.

Abin da aka riƙe na tarihi shi ne, a wannan hunturu ba a rasa rai ko ɗaya a kurmi ba. Da ƙanƙarar Awati ta karye, Tsesha ya zo yana dogara sanda, ƙafarsa ba yatsu, ya zaunar da Kirapi a shimfiɗar sarauta kamar yadda ya yi alkawari, ya kuma zauna Sarkin Yaƙinsa har mutuwa. Masu Tanti suka koma gida a ƙafa da guzurin masara, daga baya suka riƙa zuwa da fatu da busasshen nama suna musaya a bakin ganuwa, har tsawon zamanin Kirapi, hunturu goma sha tara. Bai taɓa yarda a ce shi ya ceci gari ba. Yakan ce da Tsesha bai yi taurin kai ya tsaya a tudu ba, da Masu Tanti sun bi sawunmu sun same mu a kurmi kafin iska. Yakan ambaci sunayen samarin nan bakwai kowace kaka, yana cewa da ya yi amfani da dogarai da wataƙila suna raye. Wannan nauyin bai taɓa sauke shi ba.

Na daɗe ina juya wannan labari. Mutum biyu sun nemi sarauta, ɗaya da mashi, ɗaya da haƙuri, amma wadda ta raba gardamar iska ce, wadda ba ta san sunan ko ɗayansu ba. Abin da Kirapi ya fi ɗan'uwansa da shi bai wuce wannan ba: ya yarda a yi masa dariya a dandali don maganar tsohuwar da ya sani ba ta taɓa cutarsa ba.

Kohati ta ƙara hunturu biyu a duniya. A cikinsu ita da surukinta suka rama hirar shekara ashirin da biyu, har Apitsa ta ce ita kam zamanin kare ya fi mata kwanciyar hankali. Bayan ta rasu, kowace kaka in an gama rufe ɗakunan kurmi, dinyoyi sun wuce, akan ga Sarki Kirapi ya fito shi kaɗai da la'asar, da wani baƙin kare jikan Shipi. Sai ya zauna yana duban arewa, ya dafa kan karen, ya ce, "Ka ce wa Inna mun tara itace. Ƙullin ma na sake shi sau biyu."